Bayahude, Kirista da Ciwon Mahaifiyarku

Na san kun taɓa jin ana cewa ubanku ya bar salla ya bi 'yan mishan a zamanin ƙuruciyarsa. Wasunku a bakin dangi suka ji, wasu gori aka yi musu da shi a wurin wasa, kuma har yau ba wanda ya tunkare ni da tambaya, ko don kunya ko don tsoron amsar da zan bayar. Yanzu da ido ya fara dushewa, gara ku ji daga bakina. Ban taɓa barin salla ba ko ta wuni ɗaya. Abin da ya faru shi ne mahaifiyarku ta kwanta ciwo, ni kuma Allah ya zaunar da ni tsakanin mutum biyu da ba addininmu ɗaya ba, suna gardama a kan halin Ubangiji, gardamar tasu kuwa ta zama sanadin da gidan nan bai watse ba.

A lokacin Turawa ba su tafi ba, amma an fara maganar tafiyarsu. Shekarata huɗu da auren Hajara, muna zaune a gidan Baba cikin garin Wudil, da 'yarmu ɗaya, ke Rabi. Sana'ata fata. Nakan bi mahauta in sayi fatun awaki da na tumaki da ƙiraga, in kankare su, in shanya a inuwa, ranar Juma'a in kai wa mai awo. Mai awon nan shi muke kira Musa Bayahude. Mutumin Tarabulus ne, gajere mai tumbi, yana saya wa wani kamfani a Kano, Hausa kuwa a bakinsa kamar jakin Kano. Yakan zo da babbar mota da hantsi, ya kafa sikelinsa a gindin wata tsamiya kusa da kara inda ake cinikin dabbobi, kuma kowa ya san sakaliya ba ta yi masa a Wudil, domin dole ya isa gida kafin rana ta faɗi. Daga nan har faɗuwar ranar Asabar ba ya ciniki, ba ya hura wuta. Ba ya cin naman kasuwarmu, sai dafaffen ƙwai da wani baƙin shayi da yake zuba wa soyayyar gyaɗa a ciki.

Na biyun shi ne Malam Dauda, dogo siriri, ɗan Maguzawan kudu da mu. Ya yi karatu a hannun 'yan mishan, ya zama Kirista, yana ba da magani a wani ɗan ɗakin shan magani a bayan gari. Abin da ya haɗa shi da Musa ba wani abu ba ne illa masallacin Juma'a. In aka yi kiran salla kasuwa takan watse, su biyu kaɗai ake bari, sai Dauda ya jingine kekensa a tsamiyar nan su sha shayi. Ni kuma in na dawo daga masallaci don a ƙarasa mini awo, sai in tarar da su sun kaure.

Kullum maganar ɗaya ce. Malam Dauda yana da littafi mai baƙin bango da Hausar boko, ya ce rabin farko Attaura ce da littattafan annabawan Bani Isra'ila, rabin ƙarshe Linjila. A ganinsa, a rabin farko Allah ya bayyana a matsayin sarki mai zafin hukunci, mai saukar da ruwan ɗufana da wuta da annoba, sai a rabin ƙarshe ya nuna kansa a matsayin mai ƙauna, mai neman ɓatacce. Musa kuwa in ya ji haka har kunnensa yakan yi ja. Yakan ce rabin farkon nan littafin kakanninsa ne, da harshensu aka rubuta shi, kuma baƙo ne ya shiga gidan mutane ya leƙa madafa ya ga wuta, ya fita yana cewa gobara ake yi. Ni dai dariya nake yi, ina ganin abin kamar kokawar da ba ni da ɗan wasa a ciki.

Da damina ta tsaya a shekarar, Hajara ta nuna mini wani tabo a kafaɗarta, ja-ja kamar an goga mata jar ƙasa. Muka ce makero ne, aka shafa abin da aka shafa. Bayan wata biyu wani ya fito a cinya. Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na shigo na ji ƙaurin fata, na tarar tana tuƙa tuwo, ɗan yatsanta yana kan bakin tukunya ya ƙone, ita kuwa ba ta sani ba. Muka kalli juna, ba wanda ya ambaci sunan abin. A zamanin nan ba a cewa kuturta a cikin gida, sai dai a ce babban ciwo.

Magana ba ta kwana a gidan yawa. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka, kuma ba a tsaya kan ciwon ba, sai aka tono tsohon zance. Mahaifin Hajara, mutumin Lajawa, ya taɓa yin shari'ar iyakar gona da maƙwabcinsa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse aka ba shi wurin. Mutane suka ce rantsuwar ƙarya ce, ga shi ta tsallake shi ta faɗa kan 'yarsa. Mutumin ya riga ya rasu, ba mai kare shi. Baba ya kira ni zaure bayan sallar la'asar. Baba mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kuma ina so ku riƙe wannan kafin ku ji abin da ya ce.

"Sule, wanda Allah ya yi wa alama, ba a ja da Allah a kansa. Ka sallame ta da mutunci ta koma Lajawa, ka ba ta duk abin da take so. Yarinya kuwa jininmu ce, tana nan."

Na ce ya ba ni kwanaki. Ya ce ya ba ni zuwa ganin wata. Da na shiga ɗaki na tarar Hajara ta riga ta ware kwanonta da moɗarta da tabarmarta a lungu guda, ta hana ke Rabi hawa cinyarta, kina kuka tana kuka. Ta ce in bi maganar Baba, kada fushin iyaye ya haɗu da fushin Allah a kaina saboda ita. Abin da ya fi cin raina shi ne ita kanta ta yarda Allah fushi yake yi da ita, ta daina ɗaga hannu bayan salla, wai tana jin kunyarsa.

Juma'ar da ta biyo na kai fatu. Musa ya auna, ya dube ni, ya ce fatun sun yi kyau amma mai su bai yi ba. Ban san lokacin da na zauna a kan buhu na kwashe labari na faɗa musu ba. Na ƙare da tambayar da ke damuna, ko Allah yana kama ɗa da laifin ubansa.

Malam Dauda ne ya fara. Ya ce gaskiya a cikin Attaura akwai inda aka ce alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har jikoki da tattaɓa kunne, zuriya uku zuwa huɗu, kuma akwai dokar fitar da kuturu bayan zango. Amma, in ji shi, da Annabi Isa ya zo an kawo masa wanda aka haifa makaho, aka tambaye shi laifin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba. Kuma kuturu ya zo gabansa, bai matsa baya ba, hannu ya miƙa ya taɓa shi. Ya ce wancan tsohon zamani ne na hukunci, wannan sabon zamani ne na alheri.

Musa ya ajiye kofinsa a hankali. Ban taɓa ganin ya yi magana da sanyin murya irin na ranar ba.

"Malam Dauda, ka karanta rabin layi ka rufe littafi. Wurin da ka ambata, a nan aka ce jinƙansa yana bin zuriya har dubbai. Ka auna huɗu da dubu a sikelin nan ka gaya mini wanne ya rinjaya."

Ya ci gaba ya ce wani annabinsu daga baya ya tsawata wa mutane a kan wannan magana, ya ce ɗa ba ya ɗaukar laifin uba. Ya kawo Annabi Ayuba, wanda abokansa suka kewaye shi suna cewa lalle akwai zunubin da ya ɓoye, ƙarshe su Allah ya yi wa faɗa, ba Ayuba ba. Ya kawo Annabi Yunusa, da ya yi fushi don an yafe wa garin da yake so a hallaka, Allah ya ce masa yaya ba zai tausaya wa gari mai yara da dabbobi ba. Sannan ya juya kan Dauda ya ce, a cikin nasa rabin na ƙauna ba a nan ne ake maganar wutar da ba ta mutuwa ba, ba a nan ne miji da mata suka faɗi matattu don sun ɓoye gaskiyar cinikin gona ba? Malam Dauda mutum ne mai gaskiya. Ya ce haka ne, akwai.

Sai Musa ya juyo gare ni. Ya ce zai ba ni labari ɗaya in tafi da shi. A cikin Attaura, yayar Annabi Musa ta yi maganar da ba ta kamata ba a kan ƙanenta, sai kuturta ta kama ta. Ita kam da laifinta, ba na wani ba. Amma wanda ta yi wa laifin shi ne ya fara ɗaga murya yana roƙon Allah ya warkar da ita. Aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai, kamar yadda doka ta ce.

"Ka san abin da jama'a suka yi, Sule? Mutane ne masu yawan gaske, cikin hamada, suna kan tafiya. Ba wanda ya ɗaure kaya. Gaba ɗaya suka zauna suna jiran mace ɗaya har ta dawo. Wannan shi ne littafin da ake ce maka babu tausayi a ciki."

Malam Dauda ya ce bai taɓa lura da zancen jiran nan ba, alhali ya karanta wurin ya fi sau uku. Ya ce duk da haka bai sauka daga maganarsa ba, don jira a nesa daban, taɓawa da hannu daban. Musa ya ce to ya je ya taɓa mana, tun da shi ne mai maganin. A nan ne Dauda ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa an kawo wata sabuwar ƙwaya, ana ba da ita mako-mako, kuma wanda aka kama ciwonsa da wuri yakan warke bai rasa gaɓa ba. Sai dai ana shekaru ana sha, kuma dole a zo ɗakin maganinsa a idon kowa.

Ban yanke shawara a gindin tsamiyar nan ba, kuma wannan ne wurin da masu ba da labarina suke tsallakewa. Washegari na ɗauki sandata na tafi Kausani wurin malamin da ya koya mini karatu ina yaro. Na faɗa masa duk abin da na ji, ban rage ba, har da sunayen waɗanda suka faɗa. Tsoho ya saurara, ya ce shi ba ya shiga gardamar Yahudu da Nasara, kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na bargo yana ja. Amma ya tambaye ni da me nake fara karatu kullum, wane suna biyu na Allah nake ambata kafin in ci abinci. Ya ce a littafinmu ma rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai, cuta jarrabawa ce, neman magani kuwa umarni ne, ko a hannun wa yake. Ya ce in yi wa Baba biyayya a komai, in durƙusa masa, amma kada in saki matar da ba ta yi mini laifi ba. Na ce me ya sa ban taɓa jin wannan a zauren gidanmu ba. Ya ce an sani, tsoro ne yake sa a manta.

Da wata ya tsaya na durƙusa gaban Baba na ce ba zan iya ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun da na zaɓa, in fitar da ita daga gidansa, kuma Rabi ba za ta bi mu ba. Na kafa ɗaki biyu na kara da jinka a wata gonarmu ta hanyar Dagumawa, muka koma. Duk ranar Talata in ɗora Hajara a kan jaki mu ratsa gari zuwa wurin Malam Dauda. Ranar farko ya sa ta rufe ido, yana taɓa tabon da auduga yana tambaya ko ta ji. Ya kama hannunta da ya ƙone ya wanke, ya ɗaure, ba tare da ya yamutsa fuska ba. Wata uku ke nan ba wanda ya taɓa ta sai ni. Ranar da magariba na ga ta ɗaga hannu bayan salla.

Kafin a ba da ƙwaya Dauda yakan karanta wa marasa lafiya wani abu daga littafinsa ya yi addu'a irin tasu. Mu mukan zauna a gefe mu yi shiru, bai taɓa tilasta mana ba, ko da yake ba zan ɓoye muku ba, ya so ƙwarai in bi shi, ya kuma faɗa mini haka sau biyu. Na ce masa a'a sau biyu, bai rage mana ko ƙwaya ɗaya ba. Amma masu wucewa sun gan ni zaune a wurin, daga nan zancen barin salla ya tashi. Mahauta da yawa suka daina sayar mini da fata. A masallaci in na tsaya sai sahu ya yi giɓi a gefena. Rani biyu ina yawo ƙauyuka da ƙafa ina tsintar fatun da wasu suka raina. Musa bai taɓa ƙara mini ko kaɗan a kan sikeli ba, ya ce sikeli ba wurin tausayi ba ne, amma motarsa takan tsaya a bakin gonarmu ta sauke man ja da sabulu, wani lokaci har da takalmin roba don kada Hajara ta taka ƙaya ba ta ji ba.

Babbar asarar ba ta kasuwa ba ce. Ke Rabi, shekara biyar kika yi a hannun kakarki, ana nuna miki uwarki daga nesa. Da kika dawo kin riga kin saba da wani ɗaki, kina kiranta da sunanta kamar baƙuwa, kuma na san har ta koma ga Allah akwai wani ɗan labule tsakaninku da bai gama yayewa ba. Ba laifinki ba ne, ba nata ba ne. Ni na zaɓi hanyar, ke kika biya wani kaso na kuɗinta ba a tambaye ki ba. Ki yafe mini.

Gardamar mutanen nan biyu ba ta ƙare ba, sai dai ta sake launi. Wata Juma'a Dauda ya tambayi Musa yadda yake iya kare Allah haka alhali bai cika ganinsa yana murna da shi ba. Musa ya ce a lokacin babban yaƙin duniya an kwashe mutanensu an kai su wani sansani a hamada, mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba su dawo ba. Ya ce kullum da safe yakan yi wa Allah godiya, sannan ya tambaye shi dalili, kuma har yau bai sami amsa ba. Dauda ya ce bawa ba ya tuhumar Ubangijinsa. Musa ya ce Annabi Ibrahim ya tsaya yana neman ragi a gaban Allah saboda mutanen wani gari, kuma ba a kore shi ba, don wanda ka yarda da adalcinsa shi kake kai wa ƙara. Dauda ya ce shi a nasa littafin ya koyi cewa Allah ba ya kallon wahala daga nesa, yana shiga cikinta tare da mai ita. Musa ya ce wannan magana ce mai daɗi, bai dai yarda da yadda suka kai ta ba. Ni na tashi ranar na gane cewa kowannensu ya ga rahama ya ga hukunci a littafinsa, kuma rigimarsu ita ce kowa yana ganin rahamar a gidansa take, hukuncin a gidan maƙwabci. Da Musa zai bar ƙasar nan bayan 'yan shekaru, Dauda ya raka motarsa a keke har gadar Wudil. Ban sake jin labarinsa ba. Dauda kuwa ni na riƙe masa kai a jinyarsa ta ƙarshe.

A shekara ta huɗu tabo ya ɓace, aka gwada Hajara aka ce ta warke, sai 'yan yatsu biyu na hagu da suka ɗan lanƙwashe, waɗanda kuka sani. Shekarar da ta biyo aka haife ka, Habibu. Na aika wa Baba da goro ba tare da na sa rai ba, don tun fitarmu bai taka gonar nan ba, gaisuwa kawai nake zuwa yi ya amsa a taƙaice. Ranar suna da sassafe, liman ya zauna, ana shirin raɗa suna, sai ga Baba a kan jakinsa, Rabi a gabansa da ƙullin kayanta. Jama'a suka buɗa masa. Ya ce a miƙo masa jariri, ya yi masa addu'a a kunne, ya daɗe yana kallonsa. Bayan an watse ya kira ni bayan ɗaki inda ba mai jinmu. Ya tsufa ƙwarai a shekarun nan.

"Sule, shekara biyar ina zaton Allah nake tsoro. Da na zauna na bincika, ashe bakin mutane nake tsoro. Ka ce wa matarka ta yafe wa tsoho."

Na ce ya shiga ya faɗa mata da kansa. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ita ba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ta waje, ita tana ciki bayan asabari, ya yi sallama, ya gaishe ta da jiki, ya gaishe ta da jego, ya gaishe ta da haƙuri, yana ta jero gaisuwa kamar wanda ya zo gaban sarki. Ita kuwa tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ta san gafara yake nema, da amsar nan ta yafe masa.